Ko Kun Sani? Kashe Gobarar Kasuwa Tun Kafin Ta Tashi Ake Fara Shi

Ran Litinin, 22 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina, wadda ake kira Kasuwar Fatima Baika, ta cinye ɗaruruwan shaguna a zamanin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari. Wata biyu kafin nan, a Janairu, Babbar Kasuwar Sakkwato ta sha irin wannan ibtila'i, haka ma Kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016.

Dukkansu a rani suka auku, lokacin da kaya suka bushe ƙayau, iska kuma na kaɗa wuta daga rumfa zuwa rumfa. Shi ya sa ma'aikatan kashe gobara ke auna haɗarin kasuwa tun da wuri: ina aka tara atamfa, katifa, roba da fetur? Wayoyin lantarki na bisa ƙa'ida, ko jone-jone ne kawai? Ina za a sami ruwa? Tankin motar kashe gobara ɗaya, in ana feshi da ƙarfi, mintoci kaɗan yake ɗauka ya ƙare.

Babban abin damuwa shi ne hanya. Duk teburin da aka kafa a tsakiyar layi, yana iya hana motar kwana-kwana kaiwa ga wutar, kuma barin hanya a buɗe hakki ne a wuyan 'yan kasuwa da shugabanninsu. Wutar lantarki ko ta fetur ba a watsa mata ruwa, sai tukunyar kashe wuta ko yashi. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112.