Komawa Hartum da Umdurman Domin Koyarwa ta Sa Kai

Koyarwa ta sa kai, wato mutum ya karɓi aji a makarantar da ba ta biyansa albashi, sai dai ta ba shi masauki da ɗan abin kashewa, tsari ne da makarantun Hartum da Umdurman suka saba da shi tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Wata ƙungiyar agaji ta Ingila mai suna Sudan Volunteer Programme ta daɗe tana tura matasa da suka kammala jami'a su koyar da Turanci a can, bayan da mayar da harshen koyarwar jami'o'i zuwa Larabci a 1990 ya rage wa ɗalibai ƙwarewa a Turancin da suke buƙata wajen karanta littattafan likitanci da kimiyya. Kafin yaƙin, ɗan sa kai shi yake biyan kuɗin jirginsa, kuma yawancin aikinsa jan ɗalibai da hira ne har bakinsu ya buɗe.

Ga Bahaushe kuwa, batun ya fi kama da biyan bashi, domin ilimin zamani na Larabci da shari'a a Arewacin Nijeriya malaman Sudan ne suka taimaka aka kafa shi. Lokacin da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, wadda aka mayar Makarantar Nazarin Larabci a 1947, daga Sudan aka ɗauko malamanta na farko, cikinsu har da Shaihu Bashir al-Rayyah. Shaihu Abubakar Gumi da wasu abokan karatunsa sun je Bahtar Ruda, cibiyar horar da malamai da ke kusa da Duwaim a gaɓar Farin Nilu, a 1954, sannan Farfesa Abdullahi al-Tayyib, fitaccen masanin adabin Larabci na Jami'ar Hartum, ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a tsakiyar shekarun 1960. Daga baya Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Hartum, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1992, da Jami'ar Musulunci ta Umdurman, wadda tushenta wata cibiyar ilimi ce da aka kafa a 1912, sun yaye ɗimbin 'yan Nijeriya da Nijar waɗanda a yau suke riƙe da azuzuwa da asibitoci a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Ƙannensu da yaƙi ya rutsa da su ne aka kwashe a motocin safa zuwa iyakar Masar da kuma Fot Sudan a 2023.

Yaƙin, wanda ake gwabzawa tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, ya rufe makarantu a kusan duk faɗin ƙasar, har Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa aji. Gine-ginen makarantu da yawa sun zama matsugunin 'yan gudun hijira, malamai sun yi watanni ba albashi, kuma jarrabawar kammala sakandare ta 2023 ba a zauna ta ba sai a Disamban 2024. Sojoji sun ƙwato Hartum a Maris na 2025, mutane suka fara komawa gidajensu, amma yaron da ya bar aji uku na firamare ya dawo da shekarun ɗan aji biyar alhali karatun aji ukun ma ya zube masa.

A nan ne tsohon ɗalibin da ya yi karatu a Sudan ya fi baƙon da bai taɓa zuwa ba amfani. Larabcin littafi daban yake da darija, wato karin harshen da ake yi a kasuwa da gida, kuma da ita ake rarrashin yaron da ƙarar harbi ta firgita, da ita ake shawo kan uban da ya gwammace ɗansa ya ci gaba da tallar ruwa. Wanda ya zauna shekaru a birnin ya san makon aiki daga Lahadi yake farawa, ya san zafin Mayu da ke wuce digiri 40 yana kashe darasin bayan azahar, ya san habub, guguwar ƙurar da ke rufe rana ta tilasta a kulle tagogi a ci gaba da karatu cikin duhu-duhu. Idan kuma ya yi karatun allo a gida, halwa, wato tsangayar Sudan, ba za ta zame masa baƙuwa ba, domin allon katako da tawada da alƙalamin kara da wutar da almajirai suke kewayewa da dare a Ummu Dubban, gabas da Hartum, duk irin na Hausa ne. Ga kuma Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno, waɗanda har yanzu akwai masu jin Hausa a gidajensu.

Sai dai aikin yana da iyakarsa. Ɗan sa kai ba ya maye gurbin malamin gwamnati da yake bin bashin albashinsa, kuma wanda ya zo na wata biyu ya tafi a tsakiyar zango ya fi barin ɓarna fiye da gyara, tunda ajin zai koma hannun wani ya fara daga farko. Mutanen unguwanni sun riga sun tsara nasu taimakon: matasan kwamitocin agajin gaggawa ne suka riƙe takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, a lokacin da hukuma ta gagara isa, kuma a wasu wuraren su ne suka tara yara suna koya musu karatu. Mai niyyar komawa ta hannunsu da na shugaban makaranta ya kamata ya bi, bayan ya samu izinin shiga ƙasa, ya nemi shawarar ofishin jakadancin ƙasarsa kan tsaro, ya kuma tanadi kuɗin zamansa na zangon karatu guda cikakke, domin ana ci gaba da yaƙi a Darfur da Kordofan, kuma har a Hartum ɗin akwai ragowar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a cikin wasu gine-gine.