Me ya sa lissafin gādo yake yawan komawa kan 24?

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanci babin gādo a Risala ko ya haddace Rahbiyya, zai lura cewa lambobi kaɗan ne suke ta maimaituwa: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Su ne malamai suke kira asalin mas'ala. Da yawa suna haddace su ba tare da sanin inda suka fito ba, alhali dalilin yana cikin darasin lissafin da yaranmu suke yi a firamare.

Kason da aka yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Mai rabo yana neman lamba mafi ƙanƙanta wadda kowane kaso zai fita daga cikinta ba tare da gutsure ba. Idan sumuni da sudusi suka haɗu, ana neman lambar da 8 da 6 za su shiga cikinta ba saura. Ninkin 8 shi ne 8, 16, 24. Ninkin 6 kuwa 6, 12, 18, 24. A kan 24 suka fara haɗuwa. Dukkan asalan nan bakwai kuma daga ninka 2 da 3 aka gina su.

Wahalar tana zuwa ne bayan masu kaso sun karɓi nasu. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Daga 24, matar tana da 3, uwa tana da 4, saura 17. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka kawunan 'ya'yan biyar ne. To 17 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, irin su 5, 7, 11 da 13. Babu abin da ya haɗa ta da 5, wannan shi ne tabayuni a wurin malaman gādo. Sai a ninka 24 sau 5, a sami 120: matar 15, uwa 20, kowane ɗa 34, 'yar kuma 17. Idan abin da ya rage bayan likkafani da bashi da wasiyya naira 1,200,000 ne, kowane kaso ɗaya ya zama 10,000, 'yar ta tashi da 170,000 cif. Wanda ya gaji da lissafi ya ce a ba ta 150,000 a wuce wurin, ya ci mata 20,000, kuma a ganina galibi a kan mata da marayu irin wannan gajeren haƙuri yake faɗawa.

Tunda 17 ba ta rabuwa, duk yawan 'ya'yan da aka bari a irin wannan gida sai an ninka 24 da adadin kawunansu gaba ɗaya, in ba kai ɗaya ba ne, ko 17, ko ninkinta.

Tawafuƙi ya fi sauƙi. Mace ta bar miji da 'ya'ya maza biyu, mata biyu. Asali 4, miji 1, saura 3 a kan kawuna 6. Da 3 da 6 duka 3 tana shiga cikinsu, sai a raba 6 da 3, a ninka 4 sau 2 kawai. Daga 8, miji 2, kowane ɗa 2, kowace 'ya 1.

Akwai kuma mas'alar Minbariyya da ake jingina wa Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda: mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Kasonsu 3, 16, 4 da 4, jimilla 27, ta zarce 24. Da aka yi auli aka raba dukiyar gida 27, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara, domin 3 tana shiga 27 sau tara daidai.

Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, a littafinsa na aljabara da ya rubuta a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya ware kaso mai yawa ga lissafin wasiyya da gādo. Ɗalibin da zai fara wannan babi, ina ba shi shawarar ya fara da rubuta lambobin da ba sa rabuwa daga 2 zuwa 23 (tara ne kacal), ya gwada kowane saura a kansu kafin ya ninka asali. Allah ne Mafi sani.