Likitan da ya raba soriyasis da kuturta

A garuruwanmu idan aka ga fatar mutum tana saɓa, ta yi ɓawo fari-fari, nan da nan sai a fara raɗa cewa kuturta ce. A daina cin abinci kwano ɗaya da shi, wata ma a kan haka aurenta ke mutuwa. Amma ba kowane tabo ne kuturta ba. Akwai wata cutar fata da likitoci ke kira soriyasis, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru a Turai ana haɗa ta da kuturta, har sai da likita Ferdinand von Hebra ya raba su.

An haifi Hebra a 1816, ya yi aiki a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya rasu a 1880. A zamaninsa yawancin likitoci sun ɗauka cututtukan fata daga gurɓacewar ruwan jiki suke tasowa. Shi kuwa sai ya duƙufa wajen duba fatar kanta. A 1844 ya nuna cewa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ƙazuwa, kuma da an kashe ƙwaron mutum ya warke.

Kafin shi, wani likitan Ingila, Robert Willan, ya bayyana kamannin soriyasis sosai, amma ya kira wani nau'inta da sunan da ake kiran kuturta. A 1841 Hebra ya ware ta, ya tsayar mata da suna guda. Gaskiyarsa ta ƙara fitowa a 1873, lokacin da Armauer Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta. Soriyasis ba ta da irin wannan ƙwaya.

Aikin Hebra bai tsaya a kansa ba. Daga 1856 ya fara fitar da babban littafin hotunan cututtukan fata, wanda likitocin ƙasashe da dama suka yi karatu da shi. Ɗalibinsa Heinrich Auspitz shi ne ake kiran wata alamar soriyasis da sunansa: idan aka kankare ɓawon, sai ɗigo-ɗigon jini su fito. Wani ɗalibin nasa, Moritz Kaposi, shi ya bayyana a 1872 wata cutar daji ta fata da daga baya aka riƙa gani a jikin masu ƙanjamau.

To, mene ne soriyasis? Garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, ta sa fata ta riƙa sabuntuwa cikin 'yan kwanaki maimakon wajen wata guda. Sai matacciyar fata ta taru ta yi kauri. Tana yawan fitowa a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai da ƙugu, wani lokaci ta taɓa farce da gaɓoɓi. A baƙar fata tabon yakan yi duhu, da ɓawo ruwan toka. Takan bi jinin gida, amma ba a ɗaukarta ta gaisuwa, ko kwano, ko shimfiɗa.

Ga babban bambancin: tabon soriyasis yana ƙaiƙayi, mai shi yana jin taɓawa. Tabon kuturta kuwa yakan dushe, idan aka shafa shi da auduga mutum ba ya ji sosai. Kuturta tana warkewa sarai da magani na wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da shi. Soriyasis ba a samu maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya ba, amma man shafawa, haske na musamman, ƙwayoyi da allurai suna kwantar da ita. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa babbar cuta ce marar yaɗuwa, ta kuma ja hankali a kan ƙyamar da ake nuna wa masu ita.

Saboda haka, wanda ya ga tabon da ya ƙi tafiya, ya je asibiti a duba. Kada ya sayi man bilicin ko wani mai ƙarfi a kasuwa, domin wasunsu kan sa cutar ta dawo da ƙarfi idan an daina. Mu kuma kada mu yanke wa maƙwabci hukunci da ido. Ko soriyasis ce, ko kuturta, a raka shi wurin likita, a ci gaba da cin tuwo tare.