Staurosporine: Gubar da ta shekara 40 kafin ta haifi magani

A shekarar 1977, masana a Cibiyar Kitasato da ke birnin Tokyo na ƙasar Japan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Satoshi Omura, sun tace wani sinadari daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa, suka raɗa masa suna staurosporine. Shi ne Omuran da aka bai wa kyautar Nobel a 2015 saboda binciken da ya kai ga samar da ivermectin, maganin da ake rabawa a ƙauyukan Najeriya domin yaƙar makantar da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa. Amma staurosporine bai yi irin wannan farin jini ba, domin shekaru tara ya yi ba a san ainihin ƙarfinsa ba.

Kafin a fahimci aikinsa, sai an san yadda saƙo ke tafiya a cikin ƙwayar halitta. Idan umarni ya iso bakin ƙwayar, wasu furotin da ake kira kinas ne ke miƙa shi daga mataki zuwa mataki, kamar yadda fayil ke bin tebur-tebur a ma'aikata. Kowane kinas yana ɗauko ɗigon fosfet daga sinadarin ATP ya liƙa wa furotin na gaba, wannan liƙin kuwa shi ne sa hannun da ke ba da izinin ƙwayar ta girma, ta rabu gida biyu, ko ta mutu. Jikin ɗan Adam yana da irin waɗannan kinas fiye da 500. Idan ɗaya ya lalace ya riƙa sa hannu ba tsayawa, sankara na iya biyo baya.

A 1986 wasu masana a kamfanin Kyowa Hakko na Japan suka gano cewa ɗan mitsitsin staurosporine yana tsayar da ɗaya daga cikin waɗannan kinas cik. Yana shiga gurbin da ATP ke zama ne ya toshe shi. Sai dai gurbin nan kusan siffarsa ɗaya ce a yawancin kinas, saboda haka sinadarin ba ya bambance mai laifi da marar laifi. Ya kan rufe kusan duka ofisoshin a lokaci guda, ƙwayar kuma ta mutu. Wannan ne ya sa ba a iya bai wa majinyaci shi.

Abin da ya hana shi zama magani shi ne ya ba shi daraja a ɗakunan gwaji. Har yau, mai binciken da ke son ganin yadda ƙwayar halitta ke kashe kanta bisa tsari yakan ɗiga mata staurosporine, ya auna sauran sinadarai da sakamakon. Ya kuma nuna wa kamfanonin magunguna cewa ana iya toshe kinas da ƙaramin sinadari.

Daga nan masu harhaɗa magunguna suka shiga sassaƙa siffarsa domin rage masa dafi. Ɗaya daga cikin abin da aka samu shi ne midostaurin. An gwada shi a kan mutum 717 masu fama da wani nau'in sankarar jini mai saurin kisa, waɗanda kinas ɗinsu mai suna FLT3 ya lalace, aka ga cewa waɗanda aka haɗa musu shi da maganin da aka saba bayarwa sun fi tsawon rai. A watan Afrilun 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, shekara 40 bayan aikin Omura.

Akwai abin lura a nan ga jami'an da takardun neman tallafin bincike ke bi ta hannunsu, a asusun TETFund ne ko a cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja. Da a ce an auna staurosporine da ma'aunin abin da zai samar cikin kasafin shekara guda, da tun 1978 aka rufe fayil ɗinsa. Bin diddigin kuɗin gwamnati wajibi ne, amma tambayar da ta dace da irin wannan bincike ita ce ko aikin yana da inganci, kuma ko an tanadi kuɗin da zai kai shi ƙarshe.