Mene ne makamin da kurangar inabi ke yaƙar cutar fumfuna da shi?

Cutar fumfunar ganyen inabi, wadda ƙwayar halittar da masana ke kira Plasmopara viticola ke haddasawa, ta samo asali ne daga Arewacin Amurka, kuma an fara ganin ta a Faransa a 1878. Ƙwayar tana shiga ta ƙananan ƙofofin numfashi da ke bayan ganye a lokacin damshi, sai ɗigo mai kama da tabon mai ya bayyana a samansa, farar fumfuna kuma ta rufe ƙasansa.

Da zarar kurangar ta ji shigar cutar, sai ta fara haɗa sinadaran da ake kira sitilbin, waɗanda take ƙerawa da yawa ne lokacin farmaki. Mafi shahara cikinsu shi ne resferatirol, wanda shi kansa ba shi da ƙarfi sosai a kan wannan cuta, amma tsiron yana juya shi zuwa finiferin da terositilbin, waɗanda ke hana ƙwayar yaɗuwa. Bambancin da ke tsakanin nau'o'in inabi yana ga sauri, domin inabin daji na Amurka, da ya daɗe yana zaune da cutar, yana tara sinadaran da wuri, har ya kashe ƴan ƙwayoyin ganyen da aka kama, alhali inabin Turai yakan makara.

Abin ya fi shafar manoman Turai, waɗanda tun shekarun 1880 suke dogaro da feshin jan ƙarfe, wanda yake taruwa a ƙasa. Tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade shi ga kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai, ana kuma yin auratayyar iri don samar da nau'o'i masu juriya irin su Regent na Jamus.