Jinin da Ya Ke Daskarewa a Cikin Jijiya

Rusaifa wata unguwa ce a yammacin Makka, inda Hausawa da yawa su ke zaune, waɗanda a ke ce da su Takari. A nan ne kuma tashar jirgin ƙasa ta Haramaini ta ke, wadda aka buɗe a 2018. Alhajin da ya sauka can ya riga ya sha zama a jirgin sama, ga zafi, ga ƙishirwa. Ga yawancin mutane wannan ba kome ba ne. Amma akwai waɗansu da irin wannan wahala ta kan ta da musu wani ciwo da ke kwance a jininsu, sai ƙafa ta kumbura, jini ya daskare a jijiya.

Wani likitan Landan, Graham Hughes, shi ya bayyana ciwon a 1983. Sai a 1990 aka gane tushensa, watau wani furotin na cikin jini mai suna beta-2. Kowa yana da shi. Gaɓa biyar gare shi a jere. Masana da yawa sun ce ya kan yi yawo a naɗe kamar munduwa, kai ya haɗu da wutsiya. In ya tarad da wurin da bangon jijiya ya ƙuje, sai wutsiyar ta manne, munduwa ta buɗe ta zama ƙugiya, kan da ke ɓoye ya fito fili. Waɗansu masana na Amurka kuwa, a 2020, suka ce yawancinsa da ma a buɗe ya ke. Gardamar ba ta ƙare ba.

To, jiki yana da dakarunsa masu kama baƙin ƙwayoyin cuta. A jikin mai wannan ciwo, sai su ɗauki kan furotin ɗin nan baƙo ne, alhali ɗan gida ne. Su kan kama biyu su ɗaure tare a jikin bangon jijiya, bango ya harzuƙa, ƙwayoyin da ke toshe rauni su taru su yi gudaji inda babu rauni. Abin mamaki, in aka zuba wannan jini a kwalbar gwaji, ya kan fi na mai lafiya jinkirin daskarewa.

Mace mai ciki ta fi shan wuyarsa, don ciwon ya kan taɓa mabiyiya, ta yi ta ɓari, a ce iska ce. Likita ba ya yanke magana sai ya auna jini sau biyu, mako 12 tsakani. Maganin da a kan bayar shi ne warfarin, amma mai ciki ba ta shansa, sai allurar heparin da asfirin kaɗan.