Damtsen Mace: Ana Cin Moriyarsa, Ana Yi Masa Dariya

Duk wanda ya tsaya bakin ruwan Warra ranar kasuwa ya san irin matan nan. Jirage na isowa daga tsallaken tafkin Kainji, ana sauke kwandunan banda da buhunan hatsi, sai ka ga mace ta sunkuya ta ciccibi kayan da wani ƙaton sai an kama masa, ta aza a ka, ta haura tudu. Dubi hannunta: jijiyoyi raɗa-raɗa, damtse a murɗe, tafi duk kanta. Ba ta san ƙofar gidan motsa jiki ba. Daka da faskare da jan ruwa da tuƙin kwalekwale ne suka ƙera ta. Tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968, da ruwa ya ci tsibirai aka sake wa dubban mutane matsuguni, gidaje da dama a Ngaski da Yawuri da Shanga da irin wannan hannun suka sake tsayuwa.

Amma saurari abin da ake faɗa in ta ba da baya. 'Yan majalisa su ce, "Wannan ai in ta riƙe ka sai Allah." Ana dariya, amma akwai tsoro a ciki, domin an raini yaro a kan cewa ƙarfi nasa ne shi kaɗai, kuma babu sunan da yake gudu irin mijin-ta-ce. Ka ce da ƙwanji ake zaman aure.

Na mata ya fi ciwo, don su a gabanta suke faɗa. A gidan biki za ka ji, "Ke kuwa jiki kamar na maza, wa zai kwashe ki?" Uwar miji kuma baki biyu gare ta. Ranar neman aure tana son mai laushin jiki wadda za a nuna wa dangi. Ranar sussukar gero kuwa sai ta fara yabon surukar maƙwabta mai ƙwazo. Wannan gorin shi ke kai 'yan mata ga ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu magungunan wata cuta ce daban, suna kumbura fuska da ciki, suna jawo hawan jini da ciwon suga. An gudu daga lafiya an sayi cuta da kuɗi.

Tsoka dai ba ta da jinsi. Duk naman da aka sa aiki kuma aka ciyar da shi, zai yi ƙarfi. Maza sun fi tara ta ne saboda sinadarin testostiron ya fi yawa a jikinsu nesa ba kusa ba, shi ya sa aikin ƙarfi ba ya mai da mace namiji, ba ya kuma hana ta haihuwa kamar yadda ake raɗe-raɗi. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta nemi kowane baligi, mace ko namiji, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ga mace abin ya fi muhimmanci, don ƙashinta kan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada. Masu fakewa da addini kuwa su tuna cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah (SAW), har ta taɓa tsere masa.

Abin mamaki, in a talabijin ne tafi muke yi. Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya azurfa a ɗaga ƙarfe a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, shekarar da aka fara barin mata shiga wannan wasan a Olamfik. Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a gasar naƙasassu ta Faris a 2024, ta kafa tarihin duniya. Su an ba su lambobin yabo. Ta bakin ruwa an ba ta suna.

Inda ya kamata a damu ba a nan ake damuwa ba. Mai tsohon ciki da ke ɗaukar buhu, da mai jego da ta koma faskare kafin arba'in, da wadda ke wuni gaban hayaƙin banda ba ta ci abin kirki ba, su ne ke cikin haɗari: ciwon baya, ƙarancin jini, tari da ciwon ido. Kifin da take gasawa ma, yawancinsa kasuwa yake tafiya.